Nasiha ga Malamai da Almajirai bisa Sha'anin Kurame da Maganar Hannu

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci kunne da ido da harshe da hannu, ya raba amfaninsu tsakanin bayinsa yadda ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ku malamai da almajirai masu karanta wannan takarda, ina roƙonku ku ba ni hankalinku bisa wani al'amari da muka daɗe muna ratsa shi kamar ba mu gani ba, watau sha'anin kurame da bebaye da maganarsu ta hannu.

Abin da nake so in tabbatar muku abu biyu ne. Na fari, maganar hannu harshe ce cikakkiya, mai nahawunta da luggarta. Na biyu, tilas ne a sami a kowace unguwa malami ko gardi da ya iya ta, domin ilmi ya kai ga waɗanda kunnensu ya toshe. Ku duba, babu unguwar da ba ta da kurma, babu kasuwar da ba ka iske bebe yana dako ko ɗinki ko wanki. To ina tambayarku, kurame nawa ne ke zaune bisa tabarmarku da allo a hannu? Yaro ya tashi cikin gidan Musulmi, ya yi gemu, ya yi aure, har ya mutu mu yi masa wanka mu sallace shi, ba wanda ya taɓa zama ya bayyana masa ma'anar abin da yake gani muna yi a masallaci. Wannan nauyi yana wuyan waɗanda aka ba sani.

Fasali na fari, bisa bambancin kurma da bebe

Ku sani, mafi yawan waɗanda muke kira bebaye harshensu lafiya lau yake, maƙogwaronsu ma haka. Yaro yana koyon magana ta wajen kwaikwayon abin da ya ji, to in an haife shi ba ya ji, ko jinsa ya tafi tun bai fara magana ba, ba shi da abin da zai kwaikwaya. Ciwon a kunne yake, hankalinsa kuwa daidai yake da na kowane yaro. Wanda ya ce da bebe wawa ya yi masa ƙazafi.

Abubuwan da ke kawo kurumta sanannu ne ga likitoci. Akwai gado. Akwai sanƙarau da ƙyanda da hangum, da shawara mai tsanani ga jariri, da kunne mai zubar da mugunya shekara da shekaru ba a yi magani ba, da waɗansu allurai masu ƙarfi in an yi su ba bisa ƙa'ida ba. Mu mutanen arewa mun san sanƙarau sani na haƙiƙa, gama ƙasarmu tana cikin yankin da yakan faɗa wa lokacin bazara. A shekarar 1996 ya kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000, cikin waɗanda suka tashi kuwa da yawa sun tashi ba ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara ana iya kare ta tun ba ta auku ba. An kuma lissafa cewa fiye da tara cikin goma na yara kurame iyayensu masu ji ne, watau yaron yakan faɗo cikin gidan da ba wanda ya san yadda za a yi zance da shi. Nan ne asalin wahalarsa.

Fasali na biyu, bisa cewa ishara harshe ce

Wannan zance ba baƙo ba ne ga ma'abuta littattafai. Jahizu na Basra, wanda ya rasu shekara ta 255 ta Hijira, ya lissafa cikin littafinsa Albayanu wat Tabyinu hanyoyi biyar da ma'ana ke fita da su, ya sa ishara ta biyu, daga lafazi sai ita, kafin ƙidaya da yatsu da rubutu da halin abu. Kun kuma san labarin Annabi Zakariyya, alaihis salam, da aka ba shi alama ya yi kwana uku ba ya yi wa mutane magana sai da nuni, alhali lafiyarsa ƙalau.

Amma fa ku rarrabe tsakanin nunin da kowa ke yi, kamar yafuto yaro ko ɗaga kafaɗa, da maganar da kurame ke yi tsakaninsu. Ku da kuka karanta tajwidi kun san kowane harafi yana da mafita da sifa, in aka sauya mafita harafi ya sauya, ma'ana ta sauya. To haka kalmar hannu take. Tana da siffar da yatsu suka yi, da wurin da aka ajiye hannun, ko goshi ko haɓa ko ƙirji, da motsin da ya yi, da inda tafin ya fuskanta. Sauya ɗaya daga cikinsu, kalma ta zama wata. Fuska kuwa tana yin aikin da murya ke yi gare mu. Da gira ake nuna tambaya, da kaɗa kai ake korewa, da kumbura kumatu ake nuna girman abu. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, wurin kurame har nahawu ma a tambayi fuska. Kuma in kurma zai ba da labarin mutum biyu, sai ya ajiye ɗaya a damansa ɗaya a hagunsa cikin iska, duk sa'ad da ya nuna wurin ka san wanda yake nufi, wannan shi ne lamirinsu. Da wannan harshe suke ciniki da gardama da ba'a da ta'aziyya, suke ba da labarin jiya da shirin baɗi.

Wani malamin Amurka mai suna Wiliyam Sitoki shi ne ya fara warware waɗannan ƙa'idodi a rubuce a shekarar 1960, daga baya masana harsuna suka sallama. Wata hujja kuma ta zo daga ƙasar Nikaraguwa. A 1977 aka buɗe makaranta a Managuwa, aka tara yara kurame waɗanda da can kowa yana gidansu shi kaɗai. Malamansu na ƙoƙarin koya musu karatun leɓe, su kuwa yaran a filin wasa da cikin mota suka haɗa nuninsu, ƙanana suka karɓa daga manya suka gyara, kafin shekaru kaɗan sabon harshe ya tsaya da ƙafarsa.

Kada kuma ku zaci maganar hannu ɗaya ce a duniya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ambaci kurame fiye da miliyan 70 da harsunan hannu fiye da 300. Mutumin Ingila da na Amurka bakinsu ɗaya, amma kuramensu ba su fahimtar juna sai da koyo. A Gana akwai ƙauyen Adamorobe inda kurumta ta yi yawa ta wajen gado, mutanen garin suna da maganar hannu tasu ta kansu, masu ji da kurame duk suna yin ta.

Fasali na uku, bisa abin da ya auku ga waɗanda suka riga mu

A fadar sarakunan Santambul, tun wajen shekaru 500 da suka wuce, akwai bebaye masu hidima da ake kira dilsiz. Da yake ɗaga murya gaban sarki rashin ladabi ne, sai maganarsu ta hannu ta zama abin da fadawa ke koyo, har sarakunan da kansu suna yin ta. Manya ke koya wa ƙanana, ta daɗe ƙarni bayan ƙarni.

A ƙasar Turai kuwa, wani limamin Kirista mai suna Sharl Mishel da Lefe ya buɗe wa kurame makaranta kyauta a Faris wajen 1760. Hikimarsa ita ce ya fara zama almajirinsu, ya koyi nunin da kuramen birnin ke yi, sa'an nan ya karantar da su da shi. Wani kurma da ya yi karatu a wannan makaranta har ya zama malami cikinta, sunansa Loran Kilar, ya ƙetare teku tare da Tomas Galodet, suka buɗe makaranta a Hatfod ta Amurka a 1817. Shi ya sa maganar hannu ta Amurka ta fi kusa da ta Faransa bisa ta Ingila. A 1864 aka kafa musu babbar makaranta a Washintan, ita ce yau Jami'ar Galodet.

Sai aka zo 1880. Malaman kurame suka yi taro a Milan ta ƙasar Italiya, wakilai 164, kusan dukansu masu ji. Suka yanke cewa a bar ishara, a tilasta wa yara furuci da baki da karatun leɓe. Wakilan Amurka sun ƙi, amma aka rinjaye su. Abin da ya biyo baya abin tausayi ne. Aka sallami malamai kurame daga aiki. Aka riƙa bugun hannun yara, waɗansu a sa su zauna bisa hannuwansu. Yaro ya share shekaru yana koyon furta kalmomi kaɗan, lissafi da tarihi da sauran ilmi sun wuce shi. Yaran kuwa ba su bar harshensu ba, a ɓoye suke yi cikin ɗakin kwana. Faransa ba ta halatta karantarwa da ishara cikin dokarta ba sai 1991. A 2010, watau bayan shekara 130, wannan taro ya sake zama a Bankuba ta Kanada, ya janye hukuncin Milan, ya bayyana nadama. Kafin nan, a 1988, ɗaliban Galodet sun rufe ƙofofin makarantarsu suka ce ba su yarda ba sai an naɗa musu shugaba kurma, aka kuwa naɗa, karo na fari tun kafa ta.

Darasin da na ɗauka daga Milan shi ne, masu ji sun taru sun yanke hukunci bisa kurame ba su tambaye su ba. Niyyar da yawansu alheri ce, amma ɓarnar ta kai shekara ɗari. Mu kiyayi irin wannan.

Fasali na huɗu, bisa halin ƙasarmu

Makarantun kurame na boko sun yaɗu a Afirka ta hannun Andiru Fosta, baƙar fatar Amurka, wanda sanƙarau ya kurumtar yana da shekara 11. Shi ne baƙin mutum na fari da ya gama digiri a Galodet, a 1954. Ɗan mishan ne, ya buɗe makaranta a Ankara ta ƙasar Gana a 1957, ya buɗe a birnin Badun a 1960, kafin ya rasu cikin haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987 ya kafa makarantu 32 a ƙasashe 13. Addininsa dabam da namu, amma gaskiya a faɗe ta, ya yi wa kurame abin da mu ba mu yi ba, ya kamata himmarsa ta sa mu jin kunya. Da shi maganar hannu ta Amurka ta shigo, daga gare ta aka sami wadda ake karantarwa a makarantun kurame na Nijeriya. A Kano an buɗe makarantar Tudun Maliki a 1977 domin kurame da makafi.

To amma tun kafin zuwan waɗannan duka, kuramen ƙasar Hausa suna da nasu harshe, shi ne maganar hannu, waɗansu su ce maganar bebaye. Ba a makaranta aka ƙaga ta ba. Gado ce da manyan kurame ke miƙa wa ƙanana a dandali da kasuwa da wuraren da suke taruwa da maraice, kuma masu ji da yawa, mahauta da 'yan koli da maƙwabta, sun iya wani abu daga cikinta. Har sarautar sarkin bebaye akwai a Kano, kamar yadda makafi da guragu ke da nasu sarakuna. Wata Bajamushiya masaniyar harsuna, Konstanze Shimalin, ta zauna da kuramen Kano cikin shekarun 1990, ta rubuta littafi bisa ƙa'idodin wannan harshe aka buga a 2000. Ku dubi wannan, ya 'yan'uwa. Baƙuwa ta taso daga Hambug ta rubuta nahawun harshen maƙwabtanmu, mu da muke kwana gari ɗaya da su ba mu san gaisuwarsu ba.

Akwai abin tsoro a nan. Yaron da ya shiga makaranta ya koyi nunin Amurka wani lokaci yakan raina na gida, ya ɗauka na jahilai ne, alhali na gida shi ya san tuwo da fura da lalle da suna da takaba, shi ne kuma wanda tsohon kurma na ƙauye ke ji. Ra'ayina shi ne a riƙe duka biyu, kamar yadda muka riƙe Larabci domin littattafai ba mu yar da Hausa ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Fasali na biyar, bisa amsa wa masu shakka

Wani zai ce, karatu da baki ake yi, wanda ba ya furta harafi me zai yi a makaranta? Amsa ita ce, malamanmu na fiƙihu sun daɗe da karɓar isharar bebe in ana fahimtarta. Da ita yake saye da sayarwa, da ita yake ɗaura aure, da ita yake saki, a mazhabar Maliku har shaidarsa ana karɓa. Imamu Buhari ya keɓe babi bisa ishara cikin saki da sauran al'amura. Sun kuma ce wanda ya kasa furta kabbara, furucin ya faɗi daga kansa, niyyarsa ta ishe shi. To ku auna. Mutumin da shari'a ta ɗora wa aure da saki da ciniki da salla, ta yaya zai san sharuɗɗansu in ba a koya masa ba? In isharar tana ɗaura aure, lalle tana ɗaukar bayanin farillan alwala. Rubutu kuwa aikin ido ne da hannu, kurma yana iya wanke allo ya riƙe alƙalami kamar kowa. A Yogyakarta ta ƙasar Indunusiya an buɗe makarantar kwana a 2019, sunanta Darul Ashom, inda yara kurame ke haddace Alƙur'ani suna siffanta haruffan Larabci da yatsu.

Wani kuma zai ce, in an bar yaro yana nuni ba zai yi ƙoƙarin magana ba. Wannan ita ce hujjar mutanen Milan, kun kuwa ji inda ta kai su. Binciken da aka yi bayansu bai nuna ishara tana hana furuci ba. Abin da ke cutar yaro shi ne ya wuce shekarunsa na fari, wajen biyar, ba shi da kowane harshe, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In likita ya ga na'urar kunne za ta taimake shi, a sa masa, a kuma yi masa nuni tare, ɗaya ba ya hana ɗaya.

Wani ya ce, ai yana karanta leɓe. To ku gwada da kanku. Almajiri ya tsaya gaban ɗan'uwansa ya faɗi kaya da gaya da ƙaya da haya ba tare da murya ba, a ga ko zai rarrabe. Ya faɗi baba da mama. Haruffan Hausa da yawa can cikin baki suke fita, hawa da saukar murya kuwa, wanda ke raba ma'anoni a harshenmu, ido ba ya ganinsa ko kaɗan. Karatun leɓe rabinsa cinta ne.

Fasali na shida, bisa abin da nake roƙo

Na ɗaya, kowane malami mai makaranta ya nemi dattijon kurma na unguwarsu, ya girmama shi, ya zaunar da shi matsayin malami, ya ba shi abin sadaka kamar yadda ake ba mai koyarwa, ya sa gardawa biyu ko uku su riƙa ɗaukar maganar hannu daga gare shi. Harshe wurin masu shi ake koyonsa. Kalma biyar kowace rana, kafin watan azumi ya kewayo an yi nisa.

Na biyu, a karɓi yaro kurma a makaranta. A zaunar da shi gaba inda haske ke faɗa wa fuskar malami, kada a yi masa bayani ana kallon wani wuri ko an rufe baki da rawani. In za a kira shi a taɓa kafaɗarsa a hankali ko a ɗaga hannu inda zai gani, a bar jifa da tsakuwa. 'Ya'ya mata kurame su ma a kula da su, gama sun fi shiga haɗari, mugu yakan cuce su yana taƙama ba su iya faɗa.

Na uku, a tsayar da tafinta a masallacin Juma'a da wurin tafsiri, a keɓe wa kurame wuri kusa da shi. Haka a gaban alƙali da wurin likita. Kada a yanke wa mutum hukunci, ko a ɗaura masa aure, ko a raba gado, bisa abin da wani dangi mai buƙata ya ce wai shi bebe ke nufi. Dokar hana wariya ga naƙasassu da aka sa wa hannu a Nijeriya a Janairun 2019 tana bayan mai neman haƙƙinsa, Afirka ta Kudu kuwa a 2023 ta sa maganar hannu cikin harsunan mulkinta, ta zama ta 12.

Na huɗu, ku hana almajiranku tsokanar bebe da kwaikwayon muryarsa, ku hore su bisa wannan kamar yadda kuke horonsu bisa zagin iyaye.

Na biyar, ku da jama'a ke jin maganarku, ku gaya wa iyaye su kai yara allurar rigakafin ƙyanda da sanƙarau, su kai mai ciwon kunne asibiti, su bar ɗura masa abin da ba a sani ba. Uwar da ta ga jaririnta ba ya firgita da ƙara, ko ya shekara ba ya waiwayo in an kira shi, ta kai a auna jinsa da wuri.

Ranar 23 ga Satumba ita ce ranar harsunan hannu ta duniya, an fara kiyaye ta a 2018. Ina fata kafin ta kewayo a sami makarantu cikin masu karanta wannan takarda da za su aiko mana da labarin cewa sun zaunar da kurma ya karantar, sun kuma karɓi yaro kurma ya fara allo, mu kuwa za mu buga domin waɗansu su yi koyi. Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba, wanda ya iya nuni ya isar wa kurame abin da aka faɗa a kansu, ya kuma kawo mana amsarsu, in sun ga gyara a gyara.

Allah ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu, ya sa mu cikin masu jin ƙan na ƙasa da su, ya gafarta mana da iyayenmu da malamanmu. Amin. Haza wassalam.